Yadda Buzuzu Ya Samu Dangi

Kowa a garinmu Addo Buzuzu yake ce masa, har yaran da a haife ya haifi iyayensu. Sunansa Dumile. Ba zan ce sunan yanka ba, don ranar da ya zo duniya ko kaza ba a yanka masa ba. Bara muka binne shi, kuma tun da aka dawo daga maƙabarta nake jin haushinsa da tausayinsa a haɗe, na rasa wanne ya rinjayi wani.

Uwarsa tana cikin matan da ake kwasowa a bayan babbar mota daga yankin Transkei mai nisa duk lokacin sanyi, su tsinki lemo a gonakin Turawa. Ta zo da tsohon ciki a ɓoye cikin bargo. Naƙuda ta kama ta a tsakanin bishiyoyi, ta haihu, jini ya ɓalle mata, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. Matan da suka zo tare suka ce a hanya ta hau, ba ta da yawan magana, ba su san ƙauyensu ba balle danginta. Da lemo ya ƙare mota ta kwashe su, aka bar jariri.

Gwaggo Nosisi, yayar babanmu, ita ke dafa abinci a gidan mai gonar, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta ɗauke shi ta goya. Ta zo gida ta roƙi kakanmu a yanka masa akuya a turken garke, kamar yadda ake wa kowane jariri don kakanni su san da zuwansa. Tsohon ya ƙi. Ya ce, "Jinin wasu ne. Ranar da masu shi suka zo nema, in ce musu me? Na sace muku ɗa na ba kakannina?" Masu shi ba su zo ba. Gwaggo ta koma gona da yaronta, can ya girma, ba ma ganinsa sai jefi-jefi.

Mu Jwara ne, sunan danginmu ke nan. In Baba ya doshi taro, tun daga nesa ake ɗaga murya, "Jwara!" ana jero masa kirarin kakanninsa har ya samu wuri ya zauna. Haka ake wa kowane namiji da sunan danginsa, ko da bai mallaki wandon kirki ba. Dumile kuwa in ƙwaryar burkutu ta zagayo kansa sai a ɗan yi shiru, mai miƙawa ya dubi ƙasa ya ce, "Ungo, Dumile," kamar yana ba yaro. Ya shiga daji ya yi kaciyar manya tare da sa'o'insa, ya fito namiji kamar kowa, amma abin bai sake zani ba. Ba wanda ya kore shi ko ya zage shi, an dai rasa da me za a kira shi.

Da ƙafafun Gwaggo suka gaza ta bar aikin gona ta dawo gidanmu, Dumile ya biyo ta da gemunsa, ya kafa ɗakin kwano a bayan nata. Ni Tobeka lokacin na yi aure, amma nan kusa nake, kullum ƙafata tana gidan. Ƙanwata Nomaza ce ta rage. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa, babu namiji, kuma abin yana cin Baba a rai ko da ba ya faɗa.

A shekarar ce Dumile ya samu aiki a gandun giwaye. Wata Baturiya ta zo daga jami'a, Dakta Lategan, doguwa, rana ta ƙona mata fuska, tana neman wanda zai riƙa bin ta da bokiti. Ba giwa ta zo gani ba, abin da giwa ke bari a baya ta zo bi. Akwai wani buzuzu a dajinmu, ƙato, baƙi wuluk, bayansa a dunƙule yana sheƙi kamar an shafa masa mai. In an yi ruwa sai su fito su cika hanya suna mirgina kashi, har hukumar gandun ta kafa alluna wai mai mota ya ba su hanya. Mu dai mun tashi muna ganinsu, ba mu taɓa zaton abin karatu ba ne. Da samari suka ji Dumile yana yini yana tona kashin giwa da na ɓauna da hannu, sai suna ya bi shi.

Shi ko a jikinsa. Da yamma yakan zauna a ƙofar ɗakin Gwaggo da matattun buzuzun da mota ta buge, yana buɗe su da tsinken ƙarfe yadda Dakta ta koya masa. Ina wurin ranar da Nomaza ta fara kula shi, muna tsince waken da za a dafa da masara.

Ta ce, "Buzuzu, yau ma 'yan uwanka ka kawo mana gaisuwa? A ɗora musu shayi?"

Ya ce, "Zo ki ga wani abu."

"In ga me? Kashi? Ina da garke guda a bayan ɗaki."

Amma ta je. Ya sa tsinke ya ɓamɓare murfin bayan da ƙyar, don a manne yake ruf, ba kamar na sauran ƙwari da ke darewa biyu ba. A ƙarƙashi ba komai sai rami, da wasu 'yan guntaye biyu a gefe kamar ɓawon albasa.

Ya ce, "Fukafukansa ke nan."

"Waɗannan? Ai ko ƙuda ya gani sai ya yi masa dariya."

"Ba ya tashi. Kakanninsa sun tashi, shi ya bari. Ramin nan da kike gani, nan yake tara numfashinsa, don kada zafin rana ya tsotse masa ruwan jiki. Shi ya sa yake jure fari. Amma duk inda za shi da ƙafa yake zuwa, in aka sare dajinsu ba ya iya ƙaura." Ya juya shi, ya nuna mata ƙafafun gaba masu haƙora kamar manjagara, da goshinsa mai faɗi da yake yankar kashi da shi. Sannan ya ce, "Kuma mace ce ke tura dunƙulen. Namijin bin ta kawai yake a baya."

Nomaza ta ce, "To wannan ai ba sai an taso daga jami'a ba. Kowace mace a Addo ta san haka."

Ya yi dariya har tsinken ya suɓuce masa. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Nomaza da ko takalminta ya taka laka sai ta wanke shi sau biyu, ita ce ta koma kai abinci ƙofar gandu, tana dawowa da labarin ƙwari. Ni na gane, Gwaggo ta gane. Baba ne kaɗai bai gane ba, don maza sai abu ya hau musu ƙafa suke ganinsa.

Kakanmu ya riga ya rasu, garke ya dawo hannun Baba, kuma Baba yana son Dumile. Wata Lahadi bayan coci ya kira shi gindin shinge, ya nuna masa wata farar akuya. Ya ce, "Abin da tsoho ya ƙi, ni zan yi. Namiji ba ya zama haka tsirara. In wata ya kama a yanka maka, ka zama ɗana."

Dumile ya durƙusa ya yi godiya, sannan ya ce a yi masa haƙuri, ba zai iya ba. Fuskar Baba ta ɓaci. Ya ce, "Jwara ɗin ne suka yi maka kaɗan?" Nan fa dole ta sa ya fito da abin da ke ransa, cewa Nomaza yake so, yana magana yana kallon takalmin Baba.

Baba ya juya ya dubi farar akuyar. Can ya ce, "Ka sa ni a tsaka mai wuya, yaro. In na yanka maka ka zama Jwara, Jwara kuwa ba ya auren Jwara, ta zama ƙanwarka har abada. In ban yanka ba, da wa zan yi maganar aure? Daga wane garke shanun za su fito? Jikokina kirarin wa za a yi musu? Kuma wa ya sani, wataƙila uwarka ma tamu ce." Ya nisa. "Nemo danginka. Ko matsiyata ne, ko ɓarayin akuya ne, ka kawo mini tsoho ɗaya da zai zauna a gabana ya ce kai nasu ne. Ranar zan ba ka ita."

Tun daga nan, da sanyi ya shigo motoci suka fara sauke masu tsinkar lemo, Dumile zai hau kekensa duk Lahadi ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin mata yake nema. Ya kai musu taba, ya zauna a ƙasa, ya tambaye su ko akwai ƙauyen da wata mai ciki ta tafi tsinkar lemo ba ta dawo ba. Irin waɗannan ƙauyuka kuwa ba su ƙirguwa. Wata ta ce ta san ta, 'yar gidan wane ce. Ya kashe hutunsa ya je can, ya tarar da matar da ranta tana shanya wanki. Wata ta dube shi ta ce kunnuwansa na mutanen bakin teku ne, wata ta ce a'a, tafiyarsa ta mutanen dutse ce.

Akwai shekarar da wani tsoho mashayi ya ce shi kawunsa ne, in dai za a saya masa kwalba. Ni da na ji sai na tare Dumile a hanya. Na ce, "Kai, wa zai bincika? Saya masa kwalbarsa, ka ara masa kwat, ka wanke shi ka kawo shi gaban Baba. Baba ma so yake a yaudare shi, ba ka gani?"

Ya jingine keke. Ya ce, "Tobeka, kin san buzuzun nan ma ba shi da dangi?"

"Ka fara ko?"

"Tsaya ki ji. Masana suna raba ƙwari ɗaki-ɗaki, gida-gida, kamar mu. Kowane buzuzu yana da 'yan ɗakinsu, wani da yawa, wani kaɗan. Wannan shi kaɗai ne a ɗakinsu, ba wa ba ƙane. Da aka zo sa shi a babban dangi, wasu suka dubi ƙafafunsa da yadda yake mirgina kashi suka ce na gidan can ne, aka rubuta. Wasu suka zo daga baya suka dubi wani wurin, suka ce a'a, aka cire shi aka kai shi wani gida. Har yanzu ana ja. Dakta ta ce gara a bar shi tsaye a bakin ƙofa da a tura shi gidan da ba nasu ba, don sawa sauƙi gare ta, cirewa ce aiki."

Na ce, "To shi buzuzun aure yake nema?"

Ya kama kekensa. Ya ce shi dai ba zai tsaya a turken wasu ya kira kakannin ƙarya a kan 'ya'yansa ba. Irin mutumin da yake ke nan, gaskiyarsa har ta yi yawa, ta zama cuta.

Sanyi ya zo ya tafi, ya sake zuwa ya tafi. Sa'o'in Nomaza suka yi goyo, wasu suka yaye suka sake. Manema suka zo, ta sallame su da bakin nan nata mai kaifi. Ya taɓa gaya mata cewa matar buzuzu in ta binne dunƙulenta ƙwai ɗaya tak take yi a ciki, ta zauna da shi a ƙarƙashin ƙasa wata da watanni ba ta fitowa. Duk ƙarshen kakar lemo in ya dawo hannu rabbana, sai ta ce masa, "Ka gaya wa matar buzuzu na wuce ta." Tana faɗa tana dariya, amma dariyar tana raguwa shekara bayan shekara.

Sai shekarar babban ruwa. Aka yi ta tafka shi ba ƙaƙƙautawa, buzuzu suka fito kamar an zazzage buhu, Dumile ya yi ta kutsawa cikin sarƙaƙiya yana bin su. Kaska ta cije shi a bayan gwiwa. Wurin ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi, kansa kamar zai tsage. Asibiti yana tsallaken kogi, kogi kuwa ya shanye gada, ko tarakta ba ta wucewa. Muka ba shi abin da muke da shi na saiwa da ganye, bai yi ba. Ya daina gane mutane. Yana ta surutai, yana kiran wata da ba mu san ko wace ce ba.

Gwaggo ta aika aka kira wata tsohuwa mai duba da ke unguwarmu. Ta shiga ta dube shi ta fito. Ta ce, "Yaron nan ba kowa a bayansa. Ciwo ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe, ba mai tare masa."

Gwaggo ta rarrafa da ƙafafun nan nata da ba sa ɗaukarta, ta durƙusa a gaban ƙanenta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ka yanka masa. In zai tashi, su tashe shi. In kuma tafiya ce, ya samu masu tarbarsa. In ya mutu haka, ina za shi? Ƙofar wa zai buga?"

Baba ya san abin da wuƙar za ta yanke, ba wuyan akuya kaɗai ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, sannan ya dubi Nomaza da ke tsaye a bakin ƙofa da tsumman da take jiƙa masa goshi. Ya ce, "Ni ba zan taɓa wuƙa ba sai mai magana ta yi magana."

Ta ajiye tsumman ta fita. Na ɗauka kuka ta tafi yi, har na tashi zan bi ta. Sai ga ta tafe cikin ruwan sama tana jan akuya da ƙaho, akuyar tana turjewa, ita tana zamewa a laka. Ta kawo ta gaban Baba. Ta ce, "Ga ta. Ka yi sauri."

Maƙwabta suka ɗauko shi cikin bargo zuwa garke. Baba ya cire hula ya tsaya a turke, ya kira kakanninmu da sunayensu. Ya ce, "Ga ɗanku nan. Ya daɗe a waje, laifinmu ne ba nasa ba. Ku buɗe masa, ku rufa masa baya." Da aka taɓa akuyar ta yi kuka da ƙarfi, maza suka amsa gaba ɗaya, don kukan shi ne alamar an karɓa. Aka gasa tsokar kafaɗar dama, aka yago 'yar kaɗan aka sa masa a baki, ya haɗiye bai san ya haɗiye ba.

Washegari da hantsi ruwa ya janye daga kan gada. Sai ga Dakta Lategan a motarta, ta ji labari, ta zo da ƙwayoyi daga asibiti. Ta ce ciwon kaska ne, sananne ne, maganinsa ke nan. Ba a jima ba zazzaɓi ya sauka.

Gwaggo har ta koma ga Allah tana cewa akuya ce ta tashe shi. Dakta ta ce ƙwaya ce. Ni ban sani ba, kuma ban isa in raba musu gardama ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, tsakanin wuƙar da motar ko yini cikakke ba a yi ba.

Ranar da ya fara zama a rana, wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge ya ɗaga sanda ya ce, "Jwara! An tashi?" Dumile ya waiwaya yana neman Baba a bayansa. Ba kowa sai bango. Ya dubi Gwaggo, ta sunkuyar da kai. Nan ya gane. Ya dafa sanda ya je wurin Baba ya ce ai ba ya cikin hayyacinsa, ba a tambaye shi ba, ko akwai yadda za a warware. Baba ya ce, "Maganar da aka faɗa a turke ba a lashe ta, ɗana." Kuma na ga idon Baba, baƙin ciki ne a ciki, amma har da wani abu da ba baƙin ciki ba. Ya samu ɗa namiji.

Nomaza ba mai zama ta rungume hannu ba ce. Ta sa na kira shi ɗakin girkina, inda ba mai jin mu. Ta ce su tafi birni, Bhayi, inda ba mai tambayar kowa danginsa. Su je gaban alƙali a ɗaura, ita ta yi wanki a gidajen Turawa, shi ya nemi aiki a tashar jirgin ruwa. Ta riga ta tsara komai, har motar da za su hau. Ya ce ta ba shi lokaci ya yi tunani.

Cikin kwanakin ne aka yi shan burkutu a gidan maƙwabta, aka gayyaci Baba, ya tafi da shi. Mijina yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce da ƙwarya ta zagayo kan Dumile, mai miƙawa bai dubi ƙasa ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Jwara!" tsofaffi suka karɓa, suka jero masa kirarin tun daga farko har ƙarshe. Ya riƙe ƙwaryar, hawaye yana ɗiga a ciki. Mutum mai furfura a gemu, ranar ce aka fara miƙa masa abu kamar namiji.

Da ya dawo ɗakin girkina tun kafin ya buɗe baki na san amsar. Ya ce, "Sun karɓe ni, Nomaza. Akuyar ta yi kuka, kin ji da kunnenki. In na tafi da ke na ci amanar matattu da masu rai. 'Ya'yanmu kuma su tashi yadda na tashi, ana miƙa musu ƙwarya ana kallon ƙasa."

Ta ce, "Na jawo akuyar nan ne don ka rayu, ba don ka zama yayana ba."

"Na sani."

"Ka sani?" Ta juyo wurina. "Tobeka, ɗauko mini tsinkensa mu buɗe bayansa, mu ga abin da ya rage a ciki."

Ta fita. Daga ranar ba ta ƙara kiransa da kowane suna ba, ba Dumile, ba Buzuzu. In dole ta kama sai ta ce, "A gaya wa mai ɗakin baya abinci ya sauka." Ba ta daɗe ba ta samu aiki a wurin shirya lemo a kwali a Kirkwood, ta koma can, sai Kirsimeti muke ganinta.

Na yi shekaru ba na gaishe shi da daɗin rai. A ganina ya sayar da mace mai rai saboda kirari. Sai dai ni ba a taɓa miƙa mini abu ana kallon ƙasa ba, don haka wataƙila bakina ne kawai.

Dakta ta gama aikinta ta koma, shi ya zauna a gandun. In an yi ruwa zai bi titi da ƙafa yana kwashe buzuzu daga gaban motoci yana sa su a ciyawa, in baƙi suka tsaya ya nuna musu murfin da ba ya buɗewa. Ya daina bin gonaki da keke. Yanzu da yake da dangi gidaje da yawa sun so ba shi mata, zawarawa har aike suke yi da tuwo, ya ci tuwon ya mayar da kwano da godiya. Ya riƙe garken Baba, ya yi jinyar Gwaggo, ya yi ta Baba, ya binne su duka biyu kamar yadda ɗa ke yi.

Bayan rasuwar Baba ne wani direban bas daga Paterson, wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara, ya ga Nomaza ya aiko mutanensa. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Amma neman aure sai da namijin gida, gidanmu kuwa namiji ɗaya ne. Na ce mata bari mu nemo wani kawu na nesa ya zo ya zauna. Ta ce, "A'a. Shi ya zaɓi zama yaya, sai ya yi aikin yaya."

Ya kuwa yi. Ya sa kwat ɗin Baba, ya bar baƙin suna kira a bakin ƙofa har rana ta ɗaga kamar yadda ake yi, sannan ya sa aka shigo da su. Ya yi magana a kan darajarta har mutanen ango suna share gumi. Ba abin da ya manta, ba inda muryarsa ta karye. Ranar kai amarya shi ne a gaba.

A gidan ango aka zaunar da ita a tabarma, an ɗaura mata baƙin kallabi har ya rufe idanu, kanta a ƙasa. Tsofaffi suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya suna yi mata faɗan da ake wa kowace amarya, ki tashi da wuri, ki riƙe bakinki, ki girmama surukai, kamar ba mace mai shekaru arba'in suke wa magana ba. Sai aka ce saura yayan amarya.

Ya miƙe da hula a hannu. Maimakon ya fuskance ta, sai ya juya wajen dangin ango. Ya ce, "Ni ba ni da faɗan da zan yi mata. Ku nake roƙo. In kun ji tana tsiwa, lafiyarta ƙalau, ku bar ta. In ta yi shiru, to kanta ne ke ciwo, a rufe mata taga, a hana yara ihu. Ba ta son kabewa, amma in kun zuba mata za ta ci don kunya, kada ku zuba. Tana tsoron tsawa, kuma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. In hadari ya haɗu, wani ya nemi dalili ya shiga ya zauna da ita." Ya tsaya yana juya hular. "In ta yi muku alheri, ku duba da kyau me ya ci mata, don ba za ta gaya muku ba. Shi ke nan."

Matan gidan suka hau guɗa. Wata tsohuwa a kusa da ni ta dafa ƙirji ta ce, "Kai, wannan yaya ya san ƙanwarsa! Allah ya ba 'ya'yanmu irinsa."

Amarya ba ta magana a wannan zama, kowa ya sani. Amma da guɗar ta lafa sai muka ji murya daga ƙarƙashin kallabi, ba da ƙarfi ba.

Ta ce, "Na gode, Yaya."

Dumile ya juyo ya dubi baƙin kallabin. Sannan ya sa hularsa ya koma cikin maza. Da aka sauke nama aka zo neman yayan amarya a ba shi kasonsa, aka duba ko'ina ba a gan shi ba. Wani ya ce ya hango shi tun ɗazu a bakin titi, ya kama hanyar Addo da ƙafa.